Bindigar Dama, Idon Hagu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi harbin da ya fi kowanne kyau a rayuwata ba, na kuma tashi da sifili. Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a mota.

Bari in faro daga Malam Lawali, don shi ne silar komai. Malam Lawali mutumin Damagaram ne, ma'aikacin gidan rediyo a Washington. Ni kuwa Bakano ne, injiniyan lantarki, ina zaune a Woodbridge da iyalina. Duk wanda ya san tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san ba sai na yi dogon bayani ba: wasa ne da muka gada, shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, kuma ba mai jin haushi. Duk Lahadi muna haɗuwa a wani gidan abinci na 'yan Afirka a Wheaton, mu da sauran 'yan majalisa, a ci a sha shayi a yi ta caccakar juna. Kuma ba yabon kai ba, shekara da shekaru ni ke da rinjaye. Bakina ya fi nasa kaifi, sannan Allah Ya rufa min asiri, bai taɓa samun abin kamawa a jikina ba.

Ana nan sai Malam Lawali ya shiga kulob ɗin harbi. Ba farauta ba, harbin takarda: ka zauna a benci, ka ɗora bindiga a kan tebur, ka saita wata baƙar da'ira da aka kafa can nesa. Wata Lahadi ya zo majalisa da takardar da ya hudahuda, yana bin mutane da ita ɗaya bayan ɗaya.

"Bon, ku gani da idonku," ya ce, da ɗan Faransancin nan nasu na Nijar. "Mu ne kakanninmu suka ƙera igwa. Kanawa kuwa sai dai su saro harsashi su kasa a kasuwa."

Aka yi dariya. Da na yi shiru da an wuce wurin, amma ina, bakina ya riga ni. Na ce harbin takardar da ba ta gudu ba ta ramawa, ai ko maiɗakina za ta iya da hannu ɗaya tana tuƙa tuwo da ɗayan. Na ce a ba ni wata uku, in ban kayar da shi a gasar sababbin shiga ba, a canza min suna. Malam Lawali ya miƙo hannu muka tafa, jama'a suka ce sun shaida. Ni da rabona da harbi tun na danƙo.

Asabar ɗin da ta biyo na nufi wani shagon bindigogi ba nisa da gidanmu. Na shiga ina ɗaga kafaɗa kamar wanda ya saba. Mai shagon wani dattijon Bature ne mai farin gemu, marar gaggawa. Ya tambaye ni me zan yi da bindiga, farauta ko gasa. Na ce gasa. Ya tambaye ni ko na taɓa harbi. Na ce, "Kaɗan-kaɗan." (Allah Ya yafe min. Da danƙon ma tsuntsu ɗaya na taɓa samu, shi ma ina kyautata zaton dama ba shi da lafiya.)

Ya sauko min da wadda suke kira tuwanti-tu, mai ƙaramin harsashi, ba ta da ƙara sosai kuma ba ta dukan kafaɗa. Ya nuna min bututunta mai kauri, ya ce nauyin ne ke hana ta rawa. Ya nuna min sakatar da ake ja a ɗura harsashi, da kunamar da ake latsawa, da ƙotar da ake iya tsawaitawa ko a rage daidai tsawon hannun mutum. Ina ta gyaɗa kai. A zuciyata na riga na isa Wheaton ina zagaya teburi da kofin gasa.

Sai ya ce kafin komai bari ya ga idona. Ya sa na miƙe hannuwana biyu na haɗa su na bar 'yar kafa a tsakiya, ya ce in leƙa agogon bango ta kafar da ido biyu a buɗe, sannan in janyo hannuwan a hankali zuwa fuskata ba tare da agogon ya ɓace min ba. Na yi. Kafar ta zo ta tsaya cak a kan idona na hagu. Ya ce in sake. Na sake, ina ƙoƙarin karkatar da ita dama a ɓoye, ta ƙi.

"Idonka na hagu ne ke jan ragama," ya ce. "Kowa da idon da ke masa shugabanci. Kai bindigar hagu za ka saya, ka ɗora ta a kafaɗar hagu. Ina da su a ciki. Da wane hannu kake rubutu?"

"Dama," na ce da sauri.

"Da wanne kake jifa?"

Na ce ni ba na jifa.

A nan dole in tsaya in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa a ƙasar nan ba. Bahago aka haife ni. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ita ta ɗauki nauyin gyara ni. In na kai hagu cikin kwano, ludayi ya sauka a kan yatsuna. Akwai lokacin da take cusa hannun cikin rigata ta ɗaure da ɗankwali har a gama cin abinci. Ba mugunta ba ce, ita a ganinta cetona take yi daga abin kunya, kuma ta yi nasara: ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Amma kafin aikin ya kammala sunan ya riga ya bi ni firamare. Bahago. Har malamai da shi suke kirana. Akwai yaran da ba sa karɓar gyaɗa in na miƙa musu, wai ba albarka. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a lokacin abin ya yi min ciwo ƙwarai, na sha kuka a bayan aji. Sunan ya bi ni sakandare, ya bi ni jami'a, sai da na hau jirgi zuwa Amurka sannan ya rasa biza. Sama da shekara ashirin ba wanda ya kira ni da shi.

To ka ga, ni ne zan shiga filin harbi da bindiga a kafaɗar hagu, Malam Lawali yana kallo? Mutumin da ya daɗe yana neman inda zai kama ni? Ai kafin in kai mota labari ya isa Damagaram. Na dubi dattijon na ce ta dama nake so. Ya yi min bayani sau biyu, na ce na gode, ta dama. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wuyanka ne." Aka yi binciken da doka ta ce a yi, na ɗauko kayata.

Maiɗakina ita kaɗai ta san sirrin, don ba a ɓoye wa wadda ke ganinka kana goge haƙora. Da na ba ta labarin yadda muka yi a shago, sai ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta dube ni.

"Abban Amira, a ƙasar da ake sayar da almakashin bahagwai a kanti kake ɓoye hannu? Don Allah ka koma ka canzo ta hagun."

"Ba ki san Damagarawa ba," na ce.

"Na dai san ka," ta ce, ta ci gaba da albasarta.

Ranar farko a fili na gane dattijon nan ba ƙarya ya yi ba. In na kwantar da kunci a ƙota na leƙa madubin saiti da idon dama, sai na hagu ya ce shi bai yarda ba, da'ira ɗaya ta koma biyu. Na ce to bari in rufe shi. Ashe ni ban iya kashe idon hagu shi kaɗai ba. In na rufe shi sai na daman ya bi shi, in na matsa sai fuskata ta yamutse kamar na lashi tsamiya. Na manna salatif a gilashin kariya ta ɓangaren hagu. Na daman ya hau hawaye, kaina ya hau ciwo, harsasai kuma kowanne ya kama gabansa a takarda, wasu ma ba su ga damar zuwa takardar ba.

Mai hankali da ya koma shago. Amma ni injiniya ne, kuma injiniya in abu ya ƙi ba ya zargin kansa, kayan aiki yake zargi. Na ce madubin ne bai isa ba, na yi odar babba, dogo, wanda ke janyo abu kusa har ka ga zaren takarda. Na ce kunamar ce ta yi tauri, na sa aka canza min mai laushi. Na sayi ƙafafu biyu na tokare bindigar ta gaba, na sayi jakar yashi ta baya, na sayi matashin kunci mai hawa da sauka, na sayi wata 'yar kwalbar ruwa da ke nuna ko bindiga ta karkace. Kullum na dawo aiki sai in tarar da kwali a bakin ƙofa, maiɗakina kuma ta daina tambaya, sai dai ta ce, "Baƙonka ya iso." Har ƙanwata na sa ta je wajen dukawa a Kano aka ɗinka wa ƙotar riga ta jar fata da ado baƙi da kore, wani mai zuwa ya taho min da ita. (Wannan kam ba ta ƙara saiti ko kaɗan, amma in ka gan ta sai ka ji kana son ka gaishe ta.)

Duk da haka da'ira ta ƙi zama ɗaya. Sai wata safiya dabara ta faɗo min. Na sauke matashin kuncin har ƙasa, na sa wa madubin dogayen zobba ya ɗaga sama, ta yadda zan iya ƙetarar da kaina ta saman ƙota in leƙa da idon hagu, alhali bindigar tana nan a kafaɗar dama kamar ta kowa. Haɓata ce ke zama a kan ƙota maimakon kunci, wuyana a murɗe. Duk wanda ya hango ni daga baya zai ce kaza ce ke kallon shirwa. Amma fa ta yi aiki! Da'ira ta zama ɗaya, hudoji suka fara taruwa wuri guda. Na riƙa komawa gida wuya a sanƙare, ina shafa man zafi, ina jin kaina wani gwani.

Abu ɗaya ne kawai. Duk lokacin da na zauna na kai bindigar, bakinta yakan faɗa hagu da takardata, in leƙa in ga tudun ƙasar da ke bayan allo. Sai in riƙa janyo ta dama a hankali har in ci karo da baƙar da'ira. Madubin kuma na murɗa shi har ƙarshe, yana kawo da'irar kusa ta cika ido, ba ka ganin komai a gefenta, balle lambar da ke rubuce a saman allo. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Da'irar farko da na gamu da ita ai tawa ce. Kuma gaskiya ne, tunda da sassafe nake zuwa ranar aiki, kafin gosulon babbar hanya mai lamba 95 ya kankama, lokacin da ba kowa a filin sai ni da takardata tilo. Da gangan na zaɓi lokacin, don kada wani ya ga zaman kazar.

Ranar gasa ta zo. Ni da bakina na gayyato 'yan majalisa, na ce kowa ya zo ya ga yadda ake yi wa Badamagare. Suka kuwa zo, daga Wheaton, daga Landover, har da filas na shayi da madubin hange da wani ya aro. Maiɗakina ta zo ta zauna a kujerun baya da mayafinta. Na buɗe akwati na fito da bindigar a hankali, jar fata tana sheƙi, madubi kamar bututun murhu. Turawan da ke kusa suka matso suna yabawa. Ta Malam Lawali kuwa tsohuwa ce ya saya a hannu, ba ado ba komai.

"Kai, Bakano," ya ce, "wannan bindiga ce ko amarya? Har da lalle."

"Ka tanadi bakinka, Malam Lawali," na ce. "Za ka buƙace shi wajen ba da haƙuri."

Alƙaliyar gasar wata dattijuwa ce siririya mai jar hula, muryarta kuwa ta fi jikinta. Ta karanta dokoki: harsashi goma kowa, kowa da lambar bencinsa, kowa da allo mai lambar. Ni aka ba ni bakwai. Malam Lawali shida, wato daf da ni ta hagu. Allunan a jere suke reras, kafaɗa da kafaɗa. Na cusa abin toshe kunne na soso, na ɗora babban a kai, don na karanta cewa ƙarar wasu na raba hankali. Duniya ta yi tsit. Na ga alƙaliya ta sauke hannu, na yi bismilla, na murɗe wuya.

Na kai bindiga, na leƙa. Yau ko tudun ƙasar ban gani ba, ina ɗan motsawa dama sai ga baƙar da'ira ta cika min ido. Na ce lallai yau da sa'a na fito. Na ja numfashi, na saki rabi, na latsa kunama. Huda ta fito a tsakiya cif. Na ja sakata, na sake. Ta biyu ta kusa shiga cikin ta farko. Wallahi ban taɓa jin irin daɗin nan ba. Hannuna ba ya rawa, iska ta kwanta, wuyan ma ya daina ciwo. Na uku, na huɗu, duk suna taruwa wuri ɗaya. Wajen na shida na saci kallon Malam Lawali ta wutsiyar ido, sai na gan shi ya jingina da baya ya harɗe hannuwa a ƙirji, ko taɓa bindigarsa ba ya yi. Na ce a raina, shi ke nan, gwiwarsa ta yi sanyi. Har tausayinsa na ɗan ji. (Kaɗan fa.)

Na gama goma, na buɗe sakata na bar ta a buɗe kamar yadda doka ta ce, na jira har aka ba da alamar kowa ya tsaya. Sannan na miƙe. Ka tuna kunnuwana a toshe suke ninki biyu, don haka abin da na ɗauka magana nake yi, ashe ihu ne.

"Ina Damagarawa? Ina masu igwa? A zo a ga aikin Kanawa!"

Duk filin aka juyo. Na hango 'yan majalisa a baya sun taru a kan madubin hangensu, suna ɗaga min hannu suna kaɗawa da ƙarfi. Na ɗauka jinjina ce, na dunƙule hannu na mayar musu. Maiɗakina ta rufe fuska da mayafi, na ce Allah sarki, daɗi ya sa ta kuka.

Aka ce a je a duba alluna. Na cire abin kunne na wuce gaba, har ina jiran alƙaliya ta iso ni. Na tsaya a gaban lamba bakwai. Takarda fes. Ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Na matsa kusa, na shafa da yatsa, na leƙa bayanta. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "An canza min takarda."

Alƙaliya ta matso. Ta nuna min lamba shida da biro. Ga hudojina nan goma, a dunƙule a tsakiya, gwanin sha'awa.

Malam Lawali ya iso a hankali, hannu a baya. Ya ce wa alƙaliya da Turanci shi ko ɗaya bai harba ba, ga harsasansa nan goma a kan benci. Sannan ya juya ga 'yan majalisa, waɗanda suka biyo mu har sun kasa tsayuwa daidai don dariya.

"Bon, na duba zan hwara, sai na ga huda ta hito da kanta. Na ce ikon Allah. Ta biyu ta hito. Na waiga, ashe bawana ne ke min noma. To, mutum yana aikin ubangidansa tsakani da Allah, sai a katse shi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Zufa ta keto min har cikin takalmi. Alƙaliya ta rubuta min sifili, ta ce za a kafa wa lamba shida sabuwar takarda. Ta ƙara da cewa, don ta kwantar min da hankali, a cikin sababbin shiga ba ta ga harbin da ya taru kamar wannan ba yau. Da ma ba ta faɗa ba, don wani likita a cikinmu sai da ya durƙusa saboda dariya.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Sifili ana mantawa da shi. Amma da muka dawo benci, dattijuwar nan ta tsaya tana kallon bindigata, ta kalli dogayen zobban, ta kalli matashin kuncin da ke kwance a ƙasa. Ta ce in zauna in nuna mata yadda nake saiti. Ba yadda na iya, na zauna na yi zaman kaza a gaban jama'a. Ta zagayo ta leƙa fuskata. Sannan da wannan murya tata da ake ji har wajen ajiye motoci ta ce, "Kai ai bahago ne! Me ya sa kake azabtar da wuyanka haka?"

"Idon ne kawai," na ce. "Hannuna na dama ne. Tun ina yaro."

Na miƙe ina kakkaɓe riga, ina neman hanyar mota. Sai na ji Malam Lawali daga baya ya ce, "Bakano, karɓi goro ka jiƙa maƙoshi." Ina juyowa na ga abu ya taho ta iska saitin fuskata. Ban yi shawara da kowa ba. Hannuna na hagu ya tashi ya cafke shi caraf, irin cafkar da ko a mafarki na daman bai taɓa yi ba.

Na tsaya da goro a hannu, hannu a sama. Malam Lawali ya kalli hannun, ya kalli fuskata, kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ya juya wajen maiɗakina.

"Hajiya, tsakaninki da Allah?"

"Ni dai ba a bakina aka ji ba," ta ce, kafaɗunta na rawa a cikin mayafi.

"To, jama'a, ku ne shaida," ya ce. "Shi ya ce a canza masa suna. Ni ban wahala ba ma, Allah Ya kawo: Bahago."

Ba zan yi maka ƙarya ba, sunan ya doke ni a ƙirji. Na ji ni a bayan ajin nan na firamare. Na ja mota muka yi gida. Lahadin ban je Wheaton ba, na ce mura nake yi. Ana la'asar waya ta yi ƙara, na ɗauka, muryar Malam Lawali ce, ga hayaniyar majalisa a bayansa.

"Bahago, kana ina? Shayi ya huce. In ba ka nan da wa zan yi? Waɗannan duk ba su iya ramawa ba."

Na tsaya ina jiran ciwon nan ya taso kamar jiya. Ya taso, amma sai na ji ya yi min kaɗan, kamar rigar makarantar da aka daɗe da fin ƙarfinta. Mutumin nan ba gudun gyaɗata yake yi ba, kujera ya ajiye min. Na sa hula na kama hanya. Na sha tsiya ranar, har mai gidan abincin sai da ya kawo min cokali ya ajiye ta hagu. Amma na lura sifilin da noman sun fi hannun ba su dariya nesa ba kusa ba. Ashe abin da na yi wata uku ina murɗe wuya a kansa, ni kaɗai ne ya dama.

Na koma shagon. Na shirya jin "ai na faɗa maka," amma dattijon bai ce ba, ya shiga ciki kawai ya fito da ta hagu. Na ɗora ta a kafaɗa, kuncina ya kwanta da kansa, idona ya faɗa cikin madubi ba tare da na neme shi ba. Ban ƙara mata komai ba sai madubi matsakaici, wanda ke nuna da'ira ya kuma nuna lambar da ke samanta.

A gasa ta gaba, alƙaliyar nan tana raba benci ta ɗaga murya ta ce, "Akwai bahago? Benci na musamman ne." Na ɗan duba hagu da dama, sannan na ɗaga hannu ƙasa-ƙasa.

"Madam ba ta gani ba," Malam Lawali ya ce daga bayana. "A ɗaga da kyau."

Na ɗaga shi har sama, na hagun, na ce, "Ga ni." Ranar ma shi ya kayar da ni, da ɗan maki kaɗan, amma duk hudojina a takardata suke, kuma na koma gida ina iya juya wuya.

Abinci dai har gobe da dama nake ci, kakata ba ta yi aikin banza ba. Sai dai ita hannu ta horar, ido bai halarci darasin ba. Don haka in za ka sayi bindiga, ka saya wa idon da kake da shi, ba wanda kake so a ce kana da shi ba. Sannan kafin ka kira Damagarawa su zo su ga aiki, ka ɗaga kai ka duba a gonar wa ka yi shi.